Dabaibayi, Akala da Ƙwaryar Madara: Yadda Ake Feɗe Hoton 'Yanci, Mutunci da Kishin Ƙasa a Waƙa

Duk shekara, in jarrabawar kammala sakandare ta matso, nakan zauna da ɗalibai a nan Jos mu yi bitar rubutacciyar waƙa. Sanyin safiya yana kaɗawa, kowa ya cusa hannuwa cikin rigar sanyi, ni kuma ina jefa tambaya. Me mawaƙi yake nufi da sarƙa a wannan baiti? Sai aji ya amsa baki ɗaya: "Rashin 'yanci, Malam." To keji fa? "Rashin 'yanci." Takunkumi fa? Amsar dai ita ce.

Ba su yi ƙarya ba. Amma sun yi kama da yaron da aka kai kasuwar Farin Gada, aka nuna masa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ya ce duk kayan miya ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai ranar da aka ba shi tukunya zai zuba attaruhu a gurbin tattasai, gida ya kwana da yunwa. Mawaƙin ƙwarai yana da dalilin da ya sa ya ɗauko akala ya bar sarƙa, kuma a cikin wannan zaɓi nasa saƙon yake kwance. Wannan jagora na rubuta shi ne don ɗalibi, da malamin da ke koyar da shi, da duk wanda yake cin karo da waƙoƙin kishin ƙasa a Facebook ranar 1 ga Oktoba yana so ya ji abin da suke faɗa a ƙarƙashin kalmomi.

Ga baitoci shida da na tsara da kaina don aikin aji. Da su za mu yi ta gwaji har ƙarshe.

Sun kwance dabaibayi ran Asabar,
Sun bar akala a kan taguwa.

Giginyarmu ta yi tsawo, ta yi 'ya'ya,
Can nesa ake shan inuwa.

Sun tafi da kuza a cikin jirgi,
Sun bar mana rami cike da ruwa.

Ƙwaryar madarata ƙarama ce,
Na riƙe ta da kyau, ba ta zubewa.

Zomo da giwa daji ɗaya ne,
Ba wanda ya sayi ɗan'uwa.

Gari ya waye, ku ɗau fartanya,
Gonarmu ta gaji da ciyawa.

Mataki na farko: rera ta kafin ka ɗauki biro

Waƙar Hausa, ko rubutacciya ce, don kunne aka yi ta. Karanta ta da murya sau biyu ko uku, in ka iya sa mata kari ka rera. Kana yi kana lura da inda muryarka take sauka. Wannan ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu, kuma babban amsa-amonta "wa" ne. Jera kalmomin da suka ɗauki amsa-amon a gefen takarda: taguwa, inuwa, ruwa, zubewa, ɗan'uwa, ciyawa. Ƙarshen baiti wuri ne mai tsada, nan kunne yake tsayawa ya huta, don haka mawaƙi yakan ajiye abin da yake so a tafi da shi a nan. Tun ba ka fara nazari ba ka ga waƙar ta taso daga dabbar da ake ja ta sauka a gonar da ke jiran aiki.

Mataki na biyu: mayar da ita zube, ka tsince abubuwan da ido zai iya gani

Rubuta kowane baiti da maganar yau da kullum, ba tare da ka sa fassararka ba. Baiti na farko: wasu mutane sun kwance wa raƙuma igiyar ƙafa ranar Asabar, amma ba su cire mata igiyar da ake jan ta da ita ba. Shi ke nan, kada ka ƙara.

A nan ne ake gano kalmar da ba a sani ba. Yawancin ɗalibaina na Jos taguwar da suka sani riga ce, ba su san macen raƙumi ma taguwa ake ce mata ba. Wanda ya wuce wannan kalma da zato ya ɓata tun daga ƙofa. Tambayi ƙamus, in babu ka tambayi tsohuwa a gida. Bayan nan sai ka ja layi ƙarƙashin duk abin da za a iya gani ko taɓawa: dabaibayi, akala, taguwa, giginya, inuwa, kuza, jirgi, rami, ƙwarya, madara, zomo, giwa, fartanya, gona, ciyawa. Su ne hotunan waƙar. Ka lura kalmar 'yanci ba ta fito ko sau ɗaya ba, haka mutunci, haka Najeriya.

Mataki na uku: san abin a zahirinsa kafin ka ce ga abin da yake nufi

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ga kowane hoto ka yi tambayoyi huɗu. Da me ake yin sa? A ina ake sa shi? Wa yake riƙe da shi? Me yake hanawa, me kuma yake bari?

Mu gwada da kayan ɗauri, tunda su suka fi yawa a waƙoƙin 'yanci. Dabaibayi igiya ce da ake haɗa ƙafafun dabba da ita. Jakin da aka yi wa dabaibayi yana kiwo, yana ɗan tsalle yana matsawa, amma ba zai yi nisa ba. Turke kuwa wuri ɗaya yake tsayar da dabba, sai abin da aka kawo mata za ta ci. Talala doguwar igiya ce, akuya tana zagayawa tana ganin kamar sake take, sai ta kai ƙarshen igiya ta ji an fizgo ta, shi ya sa ake cewa an yi wa mutum ɗaurin talala in an bar shi a gida amma an hana shi fita gari. Takunkumi baki yake rufewa, ƙafa tana sake, saboda haka mawaƙin da ya kawo shi maganar hana faɗin albarkacin baki ko hana cin abinci yake yi. Linzami na doki ne, doki kuwa dabbar girma ce, ana yi masa ado ana hawan sallah da shi, amma ƙarfen yana cikin bakinsa, inda mahayi ya juya nan za shi. In ka ga linzami a waƙar da ke magana kan zamanin Turawa, ka tuna yadda suka bar sarakuna da rawunansu da algaitunsu, umarni kuma yana fitowa daga Razdan, Baturen da ke mulkin lardi. Mari shi ne mafi muni a cikinsu, domin ƙarfe ne, kuma ƙafar ɗan Adam ake sa wa.

Ka ga abu shida, kowanne da irin ƙuncinsa. Yanzu koma ga baitinmu. An kwance dabaibayi, ƙafa ta sami sakewa, taguwa za ta iya keta sahara in ta so. Amma akala tana nan. Raƙumin da ke da akala yana tafiya mai nisa, sai dai ba shi yake zaɓen hanya ba. Da ma Bahaushe yana cewa wane ne yake riƙe da akalar mulki, ko an juya akalar magana. Ashe baitin ba cewa yake babu 'yanci ba. Cewa yake an sami na motsi, ba a sami na zaɓen alƙibla ba. Ɗalibin da ya rubuta "rashin 'yanci" kawai ya zubar da rabin baitin.

Akwai kuma abin da mawaƙin bai faɗa ba: hannun wa akalar take? Cewa ya yi an bar ta a kan taguwa. Mai yiwuwa tsohon mai ita yana riƙe da bakinta daga nesa, mai yiwuwa tana reto duk wanda ya riga kai hannu ya ja. Kada ka cike wannan gurbi da ƙarfi. Ka rubuta cewa a buɗe aka bar shi.

Kafin mu wuce, ita kanta kalmar 'yanci tana da hoto a cikinta. Daga "ɗa" da "'ya'ya" ta fito. A Hausar da, in an ce wane ɗa ne, ana nufin ba bawa ba ne. Mutanen Sakkwato da na Nijar da suke cewa "ɗiya" sai suka ce ɗiyauci. Bauta kuwa ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan, sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa. Kakanninmu sun san murgu, kuɗin da bawa yake biyan ubangidansa don a bar shi ya yi sana'ar kansa, sun san fansa, sun san gandun ubangida da 'yar gayaunar da bawa yake nomawa in ya sami sarari. Saboda haka in mawaƙin Hausa ya ce 'yanci, kunnen da ya san harshen yana jin matsayin ɗan gida, mai gado, wanda gonar tasu ce. Riƙe wannan, za mu bukace shi a baitin ƙarshe.

Mataki na huɗu: tono karin maganar da ke ƙarƙashin hoton, ka ga abin da mawaƙi ya ƙara

Mawaƙanmu ba safai suke ƙirƙiro hoto daga babu ba. Daga rumbun karin magana da kirari suke ɗiba, su ɗan murɗa. Aikinka biyu ne: ka gano asalin, sannan ka gano murɗawar.

Baiti na biyu a kan "inuwar giginya, na nesa ka sha" yake zaune. Giginya doguwa ce, ba ta da rassa, ganyenta can ƙoli yake, don haka wanda ya zauna a gindinta rana ce take dukansa, inuwar ta faɗa can wani wuri. Ana faɗin haka ga mutumin da bare ke cin arzikinsa danginsa na kallo. Mawaƙi ya ɗauke shi daga kan mutum ya ɗora wa ƙasa. Amma dubi abin da ya ƙara: "giginyarmu", kuma "ta yi tsawo, ta yi 'ya'ya". Akwai alfahari a nan. Bai ce a sare ta ba, bai ce ba tasa ba ce. Yana yabonta yana kuka da ita a numfashi ɗaya, kuma a ganina wannan shi ne kishin ƙasa na gaske a waƙa, irin na wanda abin yake yi wa ciwo don nasa ne. Ka gwada ta da gamji, itacen da ake yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari da shi. Gamji faɗi yake yi, inuwarsa a gindinsa take, jama'a su taru a ƙarƙashi. Itatuwa biyu ne manya, amma wanda ya kira ƙasarsa gamji da wanda ya kira ta giginya ba magana ɗaya suke yi ba.

Baiti na huɗu daga "mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa" ya fito. Karin maganar gargaɗi ne. Mawaƙi ya mayar da shi shaida a kan kansa, ya kuma ƙara abu biyu: ƙwarya, da ƙanƙantarta. Ya yarda abin hannunsa kaɗan ne. Bai yi ƙaryar arziki ba. Abin da yake tinƙaho da shi shi ne riƙon.

A nan ɗalibai sukan rikice tsakanin mutunci da girman kai, har wani ya taɓa ce mini, "Malam, ai wannan yabon kai ne." Ga yadda nake rarrabe musu. Kirari irin na ɗan dambe ko maharbi kumbura mai shi yake yi: zaki, toron giwa, guguwa, dutsen da ba ya ɗaukuwa. Yana bukatar abokin karawa da za a kayar. Hoton mutunci kuwa yawanci ƙarami ne, kuma tsare shi ake yi: ƙwaryar madara, tukunya a rufe, mayafi, hular da ba a yarda ta faɗi ba, guntun gatarin da ya fi sari ka ba ni. Ba ya bukatar kowa ya faɗi kafin ya tsaya. Tambayi hoton da ke gabanka: sai an ƙasƙantar da wani yake samun tsayi? In amsar i ce, kirari ne ko fankama. In a'a ce, mutunci ne. Wani lokaci ma sutura ce take ɗaukar wannan nauyi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa wa jaji, wato jagororin ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, malfa da jan ƙyalle in za su fita koyar da mata a ƙauyuka. Duk wanda ya ga malfar nan ya san mai ilimi ce take tafe, ba a tare ta da wasa. In ka ci karo da malfa a waƙar da ke magana kan darajar mace, kada ka tsaya ga kare rana.

Baiti na biyar kowa ya san gidansu: zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. Murɗawar tana kalma ta ƙarshe. Karin maganar ya tsaya ga cewa babu bauta tsakaninsu, kowa harkarsa yake yi. Mawaƙi ya ce "ɗan'uwa". Ya ɗauke su daga zaman haƙuri ya kai su zumunta. Kuma "sayi" ta dawo da mu kasuwar bayi, ta ɗaure wannan baiti da na farko.

Mataki na biyar: ba salon sunansa, ka wuce

Mai gyaran takardar jarrabawa yana son sunaye, don haka ka san su. In an gwada abu da abu aka sa "kamar", "tamkar", "ya fi" ko "bai kai ba", kamantawa ce. In an ce wannan shi ne wancan kai tsaye, kamar a ce mutunci madara ne, siffantawa ce. In an kawo hoton kaɗai aka ɓoye abin da yake wakilta, kamar taguwa a madadin ƙasa, alamtarwa ce. In an ba abu halin wani jinsi, jinsintarwa ce: gonar da "ta gaji" mutuntarwa ce, mutumin da aka ce yana haushi ko tunkuyi an dabbantar da shi. Sunan salo maki ɗaya ko biyu yake kawowa. Abin da yake ba ni takaici shi ne in ga ɗalibi ya rubuta "alamtarwa" ya ajiye biro, alhali a nan aikin ya fara.

Mataki na shida: nemo shekarar waƙar da garinta

Hoto yana da ranar haihuwa. Me ya sa aka ce "ran Asabar"? Duba kalanda: 1 ga Oktoba 1960, ranar da Najeriya ta sami mulkin kai, Asabar ce. Da wannan kalma ɗaya aka kafe baitin a tarihi, aka kuma gaya maka su wa suka kwance dabaibayin.

Baiti na uku kuwa ɗan Jos ba ya bukatar dogon bayani. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tudun nan. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso yankin Jos da Bukuru a 1914, babban layin da ya haɗa Jos da Fatakwal ta Kafanchan kuma a 1927, duk don a fitar da ita. "Jirgi" a baitin ya ɗauki na ƙasa da na ruwa gaba ɗaya. Ramukan suna nan a wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, ruwa ya cika su. Yanzu dubi yadda wuri yake juya ma'ana. A yawancin waƙoƙin Hausa ruwa rahama ne, damina ce, rai ne. A nan saura ne, abin da aka bar maka bayan an kwashe mai daraja, kuma iyaye suna gargaɗin yara kada su je wanka cikinsa don yana cin rai. Amma wanda ya zaga wuraren da rani ya ga injinan ban ruwa suna zuƙa daga kududdufan nan ana noman kabeji da karas da tumatir. Mai karatu ɗan Kano zai ga asara kaɗai. Ɗan Bukuru zai ga asara, ya kuma ga mutanen da suka mayar da tabon abin ci. Duka biyun suna cikin baitin, kuma na biyun ne yake share hanya zuwa gonar da ke ƙarshe.

Fartanya tana da nata tarko. A jamhuriya ta farko ita ce alamar jam'iyyar NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. A jamhuriya ta biyu makulli na PRP ne, gida da masara na NPN. Da a ce waƙar nan a 1959 aka rubuta ta, "ku ɗau fartanya" kiran zaɓe ne ƙarara, kuma "sawaba" ta NEPU ko "salama" ta NPC in sun fito a baiti sun gaya maka ɓangaren mawaƙin. Tunda ta yau ce, kuma babu wata alamar jam'iyya a sauran baitocin, fartanya fartanya ce, kayan aikin cire ciyawa. Haka tuta. A waƙar bayan 1960 za ta iya zama kore da fari da kore, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, kore don albarkar ƙasa, fari don zaman lafiya. A waƙar da ke magana kan jihadin da ya fara a 1804 kuwa, tuta izini ce da Shehu Usmanu ya ba irin su Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe da Modibbo Adama.

Har wayewar gari tana da shekara. Mawaƙi Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, bai ga Asabar ɗin nan ba. A wurinsa da tsararrakinsa alfijir abin jira ne. Ga mawaƙin yau gari ya daɗe da wayewa, in ya ce "gari ya waye" akwai ɗan faɗa a ciki, irin na uwar da ta tarar da yara suna barci rana ta take. Kuma kada ka ɗauka duk masu kishin ƙasa bakinsu ɗaya. Zungur ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", Mudi Sipikin ya mayar masa da "Arewa Jumhuriya Kawai". Dukansu Arewa suke so, sun saɓa kan irin mulkin da zai fisshe ta.

Mataki na bakwai: bi sawun "mu" da "su"

Ɗauki jan biro ka zagaye wakilan suna. Baiti na ɗaya da na uku "sun", na biyu "mu", na huɗu "na", na biyar babu kowa sai dabbobi, na shida "ku" da "mu". Waƙar ta fara da abin da wasu suka yi mana, ta ratsa ta abin da ni nake riƙe da shi, ta ƙare da abin da za mu yi.

Sai babbar tambaya, wadda mu mutanen Jos ba mu da ikon tsallakewa: su wa ke cikin "mu"? Da aka ce "sun bar mana rami", akwai Birom da Anaguta da Afizere waɗanda gonakinsu aka tone. Akwai leburorin da suka zo daga ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, wasu da ƙafarsu, wasu kuma an kwaso su dole a lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, abin da aka kira diban gwamna. Ramin nan na dukansu ne. Garin da ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da ke faruwa in "mu" ta tsuke ta koma unguwa ɗaya, "su" kuma ta zama maƙwabcin da ke tsallaken titi.

Don haka ka binciki kalmar ƙarshe da kyau. Ciyawa mece ce? Akwai waƙoƙin da ke kiran mutane ciyawa, ko fara, ko ɓeraye, kuma irin wannan hoto ya sha share fagen zubar da jini. A Ruwanda a 1994 sai da rediyo ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai. Mai nazari dole ya tsaya ya tambaya. A waƙarmu hujja tana hana wannan fassara: baitin da ke gabanta ya riga ya kira zomo da giwa 'yan'uwa, kuma ciyawa ba shigowa gona take yi daga wani gari ba, tsirowa take in mai gona ya yi sakaci. Laifin na masu fartanya ne da suka yi barci. In kuwa ka karanta wata waƙar ka tarar hujja ta nuna mutane ake nufi, ka faɗa a sharhinka ƙarara, kome daɗin karinta.

Mataki na takwas: ɗinke hotunan, ka rubuta

Yanzu duba yadda suke riƙe da juna. Taguwa mace ce, mai ba da madara, ga madara ta ɓullo a baiti na huɗu a hannun mawaƙi. Inuwa ta tafi nesa, kuza ma ta tafi nesa. A farko igiya ce a jikin dabba wani yana ja, a ƙarshe ƙota ce a hannun mutum yana aiki da kansa. Kuma gonar "tamu" ce, ba gandun ubangida ba, wato ɗa ne yake magana.

Ga yadda sakin layi ɗaya na sharhi zai iya kasancewa: "A baiti na farko mawaƙi ya yi amfani da alamtarwa, inda taguwa take wakiltar ƙasa. Ambaton Asabar yana nuni ga 1 ga Oktoba 1960. Ya bambanta dabaibayi, mai hana tafiya, da akala, mai hana zaɓen hanya, don ya nuna mulkin kan da aka samu bai kai ga cin gashin kai ba. Bai faɗi wanda yake riƙe da akalar ba, wannan ya bar zargin a buɗe tsakanin baƙi da 'yan gida." Tsarin ke nan: hoton, zahirinsa, abin da yake wakilta, sai hujja daga cikin waƙar. Duk fassarar da ba ka iya nuna mata kalma a baiti ba, ka cire ta, ko ka ce "mai yiwuwa". Misali, ina jin daɗin cewa "'ya'ya" a baitin giginya tana amsa wa kalmar 'yanci, amma hujjata ba ta da ƙarfi, don haka da "mai yiwuwa" nake shigar da ita.

Aikin gida da nake ba ɗalibaina shi ne ganuwa, domin tana yawan fitowa a waƙoƙin kishin ƙasa, kuma kowa yana gaggawar cewa kariya ce. Ku je gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ku wuce sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano. Ku tsaya daga ciki ku ɗaga kai, sannan ku zaga ku tsaya daga waje. Ku taɓa ƙasar da aka gina ta da ita, ku dubi faɗin ƙofa, ku tambayi kanku wa yake rufe ta da magariba, kuma manomin da dare ya yi masa a gona ina yake kwana. Sannan ku nemo baiti ɗaya mai ganuwa a ciki, ku kawo mini sakin layi guda ranar Litinin.